Tabar da Ban Ɗanɗana Ba

Na ji ku ɗazu a zaure, kada ku ce ban ji ba. Wai ajiyar iri mi ke gare ta, ba ganye ba ne da toka a zuba a tulu a liƙe? To madalla. Ku da kunka samu buhu mai leda biyu a ciki da ƙwayar kanti mai kashe ƙwaro, ku ɗaure bakinsa ku wuce kallon ƙwallo, dole ku ga aikina kamar wasan ƙasa. Ban ce buhunku ba ya aiki ba, yana yi, ni ma na gani da idona. Amma tun da kun taɓo ni, ku gyara zama sai kun ji.

Ni ban koyi wagga sana'a da ƙuruciya ba. Sai da maigidana ya rasu na dawo gidanmu nan Nasarawar Burkullu, furfura ta fara leƙo mini, sannan Gwaggo Kulu, ƙanwar babanmu, ta jawo ni jikinta. Ita ke ajiye wa mutane iri a lokacin. Manomi in ya yi girbi sai ya ware wanda zai shuka baɗi, wake ne ko gero ko dawa, ya kawo mata. Abu biyu yake gudu, ƙwaro da kuma tukunyar gidansa, don in bazara ta matsa irin da ke cikin gida ba ya ganin damina. Ita ta ajiye, in ruwan shuka ya sauka ya zo ya karɓi abinsa, da kaka ya aiko mata da abin da Allah ya hore. Idanunta sun fara dusashewa, ni kuwa na ɗauka idona take so. Ranar farko ta nuna mini harshe ne babban kayan aiki.

Bayan gari ta ja ni da hantsi. Ta tsinko ganyen dogon yaro ta ce in tauna. Na tauna, na yamutsa fuska, na tofar.

"Mi kinka ji, Hassi?"

"Ɗaci, Gwaggo."

"Ɗaci kawai? Ai ko akuya ta san wannan. Na bakin harshe ne ko na maƙogwaro? Mai wucewa ne ko mai zama?"

Haka munka wuni. Ɓawon maɗaci, ɗoɗɗoya mai ƙamshin nan da ake korar sauro da ita, barkono, ganyen taba a ɗan taɓa da harshe a tofar. Da la'asar bakina ko gishiri ba ya ji. Na ce mata ni ban ga amfanin wagga azaba ba. Ta ce in kare ya biyo ni mi zan yi. Na ce gudu mana.

"To itace fa? Inda ya tsiro nan zai tsaya, fara ta zo, tsutsa ta zo, ba shi da ƙafa, ba shi da hannun kora. Shi ya sa Allah ya ba shi dabarar dafa maganinshi cikin jikinshi. Wani ɗaci, wani yaji, wani wari, wani farin ruwa mai kama baki irin na tumfafiya. Ba don ke anka yi ɗacin nan ba, don ƙwaro anka yi shi. Mu aro kawai muke zuwa."

Na ce to mi ya hana wake ya dafa nasa ya hutar da mu. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce mu munka kwance masa makaminsa. Akwai waken daji, ƙanana, baƙaƙe, masu taurin fata, ƙwaro bai cika damuwa da su ba, mu ma ba mu damu da su ba. Kakanninmu sunka riƙa zaɓen mai laushi, mai daɗi, mai saurin dahuwa, shekara da shekaru, har anka samu wanga da muke ci. Abin da ya yi mana daɗi ya yi wa ƙwaro daɗi. Don haka in za a ajiye shi sai an nemo masa makami a maƙwabta.

Daga ranar na fara ganin daji da wani ido. Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta taɓa gaya mini yadda gyauron dawa ya kashe musu saniya biyu, wato ɗanyen tohon nan da ke sake fitowa bayan girbi in ƙasa ta bushe. Na kai wa Gwaggo labari, ta ce ai dawa tana ƙarama ta fi dafi, lokacin ne ba ta da ƙarfin jure cizo, in ta girma sai ta sassauta. Ta kuma nuna mini wata fara da ke cin tumfafiya, mai zanen nan rawaya-rawaya. Ita ta iya cin abin da ke kashe 'yan'uwanta, ta tara shi a jikinta, har kaza ta gan ta ta kauce. Kowane makami akwai wanda ya san kansa, shi ya sa ba a dogara da ganye ɗaya a tulu.

Ga yadda ake yi, ku da kuke cewa zubawa ne kawai. Tulu mai ƙaramin baki ake nema, a ƙwanƙwasa shi da yatsa a saurara, in ya yi amon fasasshe a mayar wa mai shi. Irin sai ya sha rana har in an ciza ya ce ƙas. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, ba kamar kuɓewa ba, don rana tana cinye ƙarfinsa ta bar miki kore kawai. Turminsa daban, ba a daka hatsi a ciki. A daka, a tankaɗe, a haɗa da toka mai sanyi, a cuɗe irin da hannu har kowace ƙwaya ta yi fari. A cika tulu har wuya, a kifa murfi, a liƙe da laka da kashin shanu, mai iri ya danna babban yatsansa a kan ɗanyar laka don kada tuluna su rikice. Toka tana toshe wa ƙwaro hanya, amma wake daga gona yake zuwa da ƙwan a jikinsa, in sun ƙyanƙyashe a ciki sai abu mai ƙarfi ya tare su. Abin nan mai ƙarfi a wurinmu taba ce. Ku riƙe wannan da kyau: taba ta iri ce kaɗai, ba a sa ta a waken da za a ci, tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro.

Ba kuma kowace taba ba. Ta Bako Gwaggo ke saye, wani tsoho mai ɗan fili a kan tsakuwa bayan gari. Ranar da ta fara aike na wurinsa na dawo ina faɗa, na ce tsohon nan ya raina mu, ya ba mu ƙananan ganye masu kauri duk tsutsa ta huhhuda. Gwaggo ta ce in taɓa da harshe. Wallahi sai da na ji kamar an soka mini allura, hawaye sunka cika mini ido. Ta ce abin da take nema ke nan. Tabar da tsutsa ta ciza ƙara ƙarfi take yi, wadda anka karye wa kai kafin ta yi fure ta fi haka ma, Bako kuwa ba ya barin ko ɗaya ta yi fure. Wani malamin gona da ya zo daga Anka ya taɓa zama da mu, ya ce gaskiyarta ne, a saiwa taba ke haɗa dafinta, in an ciji ganye ko an karye kai sai saƙo ya sauka ƙasa, saiwar ta ƙara turo shi sama. Da ya tafi Gwaggo ta ce, "Shi a makaranta anka gaya mashi, ni tsutsa ta gaya mini."

Shekara uku ina ƙarƙashinta, ta huɗu ta sakar mini. Ita ce kuwa muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai, wake ya yi fure ya zubar, tabar Bako ta ƙone a kan tsakuwarta ko ganye goma bai tsinka ba. Ina da ragowar ta bara, da ita na rufe wa waɗanda sunka zo da wuri, ta ƙare. Azumi ya kama. Gwaggo kuma ɗiyarta ta zo ta tafi da ita Anka a duba mata ido.

Cikin azumin ne Malam Garba ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Gwashi, a kan jaki, da ɗan buhu a gabansa. Mutum ne mai ƙarancin magana, ya daɗe yana kawo wa Gwaggo iri. Ya kwance buhun a gabana. Farin wake ne mai jan ido, manya, irin mai yaɗo da ke nuna a makare ya ba da harawa. Tiya huɗu.

"Inna, shi ke nan abin da ya fito a gonar gidanmu bana. Waken babanmu ne, ba a samunshi kasuwa. Gida uku ke jiranshi, ni da ƙanena da matar marigayi autanmu da marayunta. Na ɗauke shi ne kada yunwa ta sa mu dafa."

Na ce ya bar shi, in Allah ya so zai same shi yadda ya kawo. Ya ce kwana zai yi wurin wani abokinsa, gobe da la'asar ya zo ya danna yatsa ya kama hanya.

Washegari na shiga motar kasuwa zuwa Gummi neman taba. Na samu kuwa, a wurin wani mutum da ban sani ba. Kai, ganye! Faffaɗa, rawaya, ko huda ɗaya babu, an jera shi kamar sabon zane. Na ɗaga zan kai baki, sai na tuna da azumi a bakina. Taba ce, ba miya ba, ba a taɓa ta da harshe da rana, ba a shaƙa. Na ajiye. Na tambayi mutumin ko tana da ƙarfi, ya ce ai ta fi ƙarfi ma. Mi mai sayarwa zai ce? Na ce a raina amanar mutum mai daraja ce, bari in sai masa mai kyau. Ku ji fa, mai kyau! Shekara uku ana koya mini cewa a wanga aiki mummunan ganye ake nema, rana ɗaya ido ya rinjaye ni. Na ce in an sha ruwa zan ɗanɗana.

Na iso gida la'asar ta yi, Malam Garba na zaune a ƙofa da jakinsa, ga hanya mai nisa a gabansa. Na ji nauyin in tsayar da shi. Na daka, na tankaɗe, na ɗaure hanci da gefen mayafi saboda azumi, na cuɗe, na liƙe. Ya danna yatsa ya tafi. Da anka kira magariba tulu ya riga ya rufu, sai na sha kununa na manta da zancen.

Sai bayan babbar salla Gwaggo ta dawo, idon bai gyaru ba. Tana zama, tun ba ta kwance ɗaurin kayanta ba, ta ce, "Na ji ta Bako ta ƙone. Da mi kinka rufe na ƙarshe?" Na ce ta Gummi, na ɗauko mata ragowar ina yabon kyanta. Ta shafa ganyen da yatsu, ta yage kaɗan ta sa a baki. Ta tauna, ta tauna, ba ta tofar ba.

"Hassi, wannan ai rama ce. An bar ta ta yi fure a lambu tana shan ruwa safe da yamma, ba abin da ya taɓa cizon ta. Ba ki ɗanɗana ba?"

"Azumi ne, Gwaggo."

"Azumin bai da magariba?"

Na je na durƙusa na kanga kunne a jikin tulun, yadda ta koya mini. In iri na lafiya shiru ake ji. Wannan kuwa ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, kamar ana taka busasshen ganye daga nesa. Jikin tulun har da ɗumi.

Na fasa lakar. Ƙwari sunka taso mini a fuska. Na baje waken a kan baƙin zane cikin tsakar rana don zafi ya kashe na ciki, sannan na zauna tsinta ƙwaya ɗaya-ɗaya, kwana uku, har wuyana ya ƙage. Lafiyayyu ba su cika tiya ɗaya ba. Masu huda ɗaya, waɗanda wataƙila su tsiro wataƙila su ruɓe, sun kai tiya. Saura gari ne da ɓawo, na zuba wa kaji.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo mini. A kasuwar Gummi akwai farin wake mai jan ido, in an cuɗe shi da toka ko mai shi ba zai bambance ba. In cika tulu in liƙe, wa ya sani? Sai tsakiyar damina zai ga wani ya tsaya tsaye wani ya yi yaɗo, ya ce ko iska ce ta kawo. Har na faɗa wa Gwaggo, ina ɗan dariya kamar wasa nake. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in na yi haka, baɗi irin babansu ya gauraye da na kasuwa, shekara biyu ba za a ƙara samun na ainihin ba, kuma shi ba zai san ya kamata ya tsare ɗan abin da ya rage ba. Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbinta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na rufe lafiyayyun a ƙaramin tulu da garin 'ya'yan dogon yaro da barkono da ɗoɗɗoya, kowanne sai da Gwaggo ta ɗanɗana na ɗanɗana. Masu hudar na ƙulle daban. Ban jira ruwa ya sauka ba. Na bi motar kasuwa har inda ta tsaya, na ƙarasa da ƙafa, tulu a kai.

Na same shi yana gyaran darni. Da ya gan ni da ƙaramin tulu maimakon babba, ya ajiye igiyar. Na durƙusa na gaya masa komai, har da azumin, har da kyan ganyen, ban rage ba. Ya sa hannu cikin masu hudar yana juya su, ya daɗe. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Inna ruwa ta sha hanya. Sannan ya sa anka kira matar marigayin. Ya tura mata ƙaramin tulun gabanta.

"Ke za ki shuka wanga, a bayan gida inda ido ke kai. Kada ki haɗa shi da kowane wake."

Masu hudar ya raba biyu da ƙanensa. Da zan tafi ya rako ni har bakin gari.

Labari ya riƙa iso mini ta bakin 'yan kasuwa. Na wurinsa ya fito jefi-jefi, ya cike gurbin da waken kasuwa, harawar da yake ciyar da shanun nomansa ba ta samu ba, sai da ya sayar da sa ɗaya. Na bayan gidan matar ya yi kyau. A garin nan kuwa wasu sun ji, mutum huɗu ba su ƙara kawo mini iri ba, ban kuma ga laifinsu ba. Kaka ta zo ta wuce, saura sunka kawo nasu, ba kowa daga Gwashi. Na ce shi ke nan, na rasa shi, kuma daidai ne.

Azumi ya sake kamawa. Ran nan da la'asar sakaliya ina tankaɗen toka, sai na ji sallama. Malam Garba ne da jakinsa, buhun ya fi na bara girma. Na rasa inda zan sa kaina. Na yi ta sauri, na ɗauko tabar Bako, don bana ta yi, ƙanana masu huda kamar rariya. Na ce, "Malam, yanzu zan daka in rufe ka kama hanya da sauran rana. Wannan tun shekaranjiya da anka sha ruwa na ɗanɗana ta."

Ya sauke buhun, ya ɗaure jakin, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida ya zauna.

"Na yarda, Inna. Amma ni yau ba ni sauri."

Haka munka zauna, shi a waje ni a bakin zaure, ganyen a kan faifai tsakaninmu, har rana ta faɗi anka kira salla. Na yi bisimilla na kurɓi ruwa. Kafin in taɓa dabino na yagi ganyen na ɗora a harshe, a gabansa. Ya soke ni har cikin kunne, na tofar, na kama tari, hawaye na zuba. Sai na ji Malam Garba na dariya, ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ya miƙo mini dabino.

"To, Inna. Yanzu a rufe tulu."